Wayar da Aka Murɗe a Motar Likita

Motar Likita ta ƙone ranar Lahadi da hantsi, a rumfar Rewaya mai gyaran wayoyin mota, da ke ƙarshen layin makanikai. Ranar hutu ce, babu kowa a wurin, sai da hayaƙi ya wuce rufin kwanon gareji sannan mutanen unguwa suka fito da bokitai. Kafin a ci ƙarfin wutar ta riga ta lashi rumfuna biyu na maƙwabta, motar kuwa ba abin da ya rage sai ƙarfenta, ta durƙushe a ƙasa babu taya.

Mota ce da ta haura shekara hamsin, mai dogon hanci da zagayayyun fitilu. Mako biyu da aka jawo ta layin, kullum sai an samu masu tsayawa ɗaukar hoto. Da aka tona tokar sai aka ga narkakken galan na fetur a gefen inji. Aka duba kan teburin Rewaya, tsohuwar sitatar da ya cire babu ita, wato abin nan da ke juya inji idan an murɗa makulli. Wani ya ce masu tara tsofaffin motoci ido rufe suke neman irinta. Wani ya ce to ai magana ta fito, sayar da ita ya yi, ya cinna wa motar wuta don kada a tambaye shi.

Lokacin da Rewaya ya iso a guje da silifas ɗaya a ƙafa, maganar ta riga ta zauna a bakin kowa. Aka fara da tambaya, aka koma ture-ture, aka ƙare da duka. 'Yan sanda suka tafi da shi hannunsa na dama a kumbure.

*

Washegari da safe matar Rewaya ta je wajen kawunta, wanda ake kira Bi-Sawu. Shi ma gyaran wayoyin mota ya yi har shekara arba'in, kafin hannuwansa su fara rawa ya ajiye filaya. Tun daga nan, idan batir ya ɓace a gareji ko an wayi gari babu fitilar wata mota, shi ake kira. Ba shi da ofis, ba shi da kaki. Yawan tambaya yake da shi da ƙafar da ba ta gajiya, kuma yakan bi abu har inda ya sauka.

Ta zauna a bakin kujera, ba ta yi kuka ba. Ta ce masa ran Asabar da yamma mijinta ya dawo gida ba walwala, ko abinci bai ci sosai ba. Ya sa wa motar sabuwar sitata, tana juyawa lafiya lau, amma injin ya ƙi kamawa. Ga wata siririyar waya da ta rage bai san inda za ta shiga ba, ga kuma wani farin abu a bayan inji da bai taɓa ganin irinsa ba.

"Ya ce kai kaɗai za ka san shi, Kawu. Har sau biyu ya kira ka."

Bi-Sawu ya tuna. Yana kwance bayansa na ciwo, wayar ta yi ƙara a kan taga, ya ce a ransa zai kira daga baya. Bai faɗa mata haka ba. Ya jawo takalmansa ya ce ta koma wajen yara.

*

Kofur ɗin da ke bakin aiki a ofishin 'yan sanda ya san shi, ya ba shi 'yan mintuna. Rewaya dogo ne, sai da ya ranƙwafa kafin fuskarsa ta zo daidai da tagar ƙofar. Ya riƙe hannun dama da na hagu a ƙirji.

Bai ɓoye komai ba. 'Yar Likita ce ta ce a sa mata sitatar da za ta tayar da motar da taɓawa ɗaya, don tsohuwar jan jiki take. Sabuwar ƙarama ce mai ƙarfi, sai dai wurin ɗaura waya biyu gare ta, tsohuwar kuwa uku. Wayar da ta rage ya naɗe kanta da baƙin salatif ya ajiye gefe. Galan ɗin fetur shi ya rataye shi, saboda tankin motar ya cika da tsatsa, sai ya jawo tiyo daga galan zuwa inji. Tsohuwar sitata ya wanke ta ya bar ta a kan tebur zai mayar wa masu ita. Makullin motar yana aljihunsa lokacin da aka kama shi, yanzu yana durowar Kofur.

Bi-Sawu ya tambaye shi ko ya cire kan batir kafin ya tashi. Rewaya ya ce bai cire ba, kansa ya ɗau zafi ya manta, wannan kam laifinsa ne.

"Wa ya doke ka a hannu?"

"Kawu, duk fuskokin na san su. Shi ya sa ban ɗaga kai na duba ba."

*

Sitata ba ta tafiya da ƙafarta, don haka Bi-Sawu ya fara da kasuwar 'yan gwangwan. Yini guda ya yi yana shiga shago yana fita, yana gaisawa, yana shan ruwan da aka miƙo masa, yana leƙa ƙarƙashin benci. A shago na tara ya gan ta a bayan tulin tsofaffin batura, tsaf da ita, har da ƙanshin kananzir ɗin da aka wanke ta da shi.

Ɗan gwangwan bai wahalar da shi ba. Ya ce Mai Gareji ne ya kawo ta ran Asabar da magariba, a naɗe cikin buhu.

Mai Gareji shi ne mai filin da aka kafa rumfunan, kuma ran gobara muryarsa ta fi ta kowa tashi. Bi-Sawu ya same shi a ɗan ofishinsa yana fifita da kwali. Da ya ji sunan shagon sai fifitar ta tsaya. Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna, ya ce wallahi shi ya ɗauka abin yarwa ne, ya gan ta yashe a tebur bayan Rewaya ya tafi. Bi-Sawu ya tambaye shi tun yaushe aka fara wanke abin yarwa da kananzir.

Amma ran Lahadi da hantsi Mai Gareji yana taron ƙungiyar makanikai a ɗaya gefen gari, mutum sama da ashirin sun gan shi, a waya aka faɗa masa gobarar. Ɗan hali ne, ba shakka, kuma ya bari aka doki wani a kan abin da shi ya ɗauke. Sai dai ba shi ya sa wuta ba.

Bi-Sawu ya kai wa Kofur labari yana sa ran a saki Rewaya. Kofur ya saurara, ya rubuta, ya ce to an ji na sitata, saura na galan. Mota ba ta kama wuta da kanta a ranar hutu, rumfar kuma tasa ce.

*

Ran Laraba ya je ya tsaya a kan gawar motar. An zagaye ta da igiya, amma ba mai gadi. Wuta ta cinye kujerun, saura ƙarafunan da suke zamewa a kai, a nan ya lura da wani abu. Kujerar direba an jawo ta gaba har ƙarshe. Rewaya ba zai iya cusa gwiwoyinsa a wannan wurin ba. Wani gajere ya zauna a nan.

Gajere mafi kusa shi ne Mai Fenti, wanda rumfarsa ke manne da ta Rewaya, kuma kowa ya san ba sa ga maciji. Faɗansu na ƙura ne: Rewaya ya kunna injin busa ƙura, ita kuma ta sauka a ɗanyen fenti. Mako guda kafin gobarar sai da aka raba su.

Bi-Sawu ya same shi a tsugune cikin tokar rumfarsa yana tsince gwangwanayen da ba su fashe ba. Da ya gane inda tambayoyin suka nufa, sai ya yi wata 'yar dariyar takaici. Ya nuna ƙofofin mota huɗu na wani mutum da ya gama fesawa ran Asabar, yanzu sun koma kamar gindin tukunya. Ya ce in da shi zai sa wuta, ai da ya fara kwashe kayansa. Ya ce kuma shekararsa ashirin yana shafa wa motoci fenti, bai taɓa zama bayan sitiyari ba, ko keke bai iya ba, a tambayi kowa. Bi-Sawu ya tambaya, aka tabbatar, har da masu yi masa tsiya a kai.

Game da duka, Mai Fenti ya ce shi dai ya ture shi sau ɗaya, ransa ne a ɓace. Hannu kuwa bai ga wanda ya taɓa ba.

Da yamma matar Rewaya ta kira. Ta ce ta kai masa abinci, da hagu yake ci, hannun ya fara canja launi, 'yan sanda sun ce ba za su kai shi asibiti ba sai babbansu ya dawo daga tafiya. Bi-Sawu ya ce mata yana ƙoƙari. Da ya ajiye wayar ya daɗe zaune, don ya san kwana uku ke nan yana yawo, ya wanke mutum biyu, nasa kuwa yana nan inda yake.

*

A yammacin nan Bi-Sawu ya nufi gidan Likita, tsohon gini mai faɗin baranda. 'Yarsa ce ta buɗe ƙofa, mace mai kimanin shekara arba'in, idanunta sun faɗa. Ta kai shi falo, inda Likita ke zaune a keken marasa lafiya, ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa a karkace. Shekara biyu ke nan bai yi magana ba. Kusa da shi wani ɗan ƙaramin dattijo na ba shi shayi da cokali. Ta ce Baba Direba ke nan, shekara talatin da biyar ya tuƙa mahaifinta, sai da idonsa ya raunana aka karɓe tuƙin, ya zauna a gidan yana kula da shi.

Ta rage murya ta ba shi labari a bakin ƙofa. Motar ta yi shekara shida a rufe a gareji. Wata rana aka tura keken mahaifinta ta wajen, ya ga hancinta ta ƙarƙashin tamfol, ya yi ta nuni yana wani sauti a maƙogwaro, abin da bai taɓa yi wa mutum ba tun da ya kwanta. Shi ya sa ta ce a tayar da ita, ko zagaye ɗaya ne a yi da shi. An yi mata alkawarin ran Asabar. Tun azahar aka yi masa wanka aka sa masa kaya masu kyau aka ajiye shi a baranda, sai gab da magariba Rewaya ya kira ya ce ta ƙi tashi. Har yau ba wanda ya faɗa masa motar ta ƙone.

Bi-Sawu ya tambaya ko Baba Direba ne ya zaɓi makaniken. Ta ce a'a, ba ta ma shawarce shi ba, ran da aka jawo motar yana asibiti wajen duba ido. Ya tambaya ko akwai makulli na biyu. Ta ce ta ji an ce akwai, amma ya ɓace tun tana makaranta.

Dattijon bai ɗago ba. Yana goge wa Likita baki da ɗan tawul, bakin ya bushe, bai daina gogewa ba.

*

Ran Alhamis da sassafe Bi-Sawu ya koma wajen motar da tsohon buroshin haƙori da ɗan madubi. Zuwansa na farko bai iya sunkuyawa cikin inji ba saboda baya. Wannan karon ya aro benci ya hau, ya kwanta da ciki a kan ƙarfen, ya fara share toka daga bangon da ya raba inji da cikin mota. Hannunsa na rawa, buroshin ya faɗi sau uku.

Farin abin yana nan inda aka ɗaure shi tun daga kamfani. Ɗan tangaran ne mai tsawon yatsa, wuta ba ta cin irinsa, hayaƙi kawai ya baƙanta shi. Bi-Sawu ya san shi kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa. A motocin da, wutar batir takan ratsa ta cikinsa ya rage mata ƙarfi kafin ta isa kwayil, tulun nan da ke aika wa fulogai wuta, don kwayil ɗin ba ya jure cikakkiyar wuta na dogon lokaci. Siririyar wayar da ta rage wa Rewaya kuwa, aikinta ta tsallake tangaran ɗin na ɗan lokacin da sitata ke juyawa kawai. Ya juya madubi ya ga bayansa: zaren ƙarfen da ke ciki ya tsinke, tsinkewar da ta yi tsatsa, ba ta wuta ba. Dalilin da injin ya ƙi kamawa ke nan. Tangaran ya mutu a shekarun ajiya, wayar tsallake kuma ba ta da wuri a sabuwar sitata.

Sannan ya duba bakunan tangaran ɗin biyu. Babu waya a ko ɗaya. Ya bi ƙasa da buroshi, ya same su suna reto, robarsu ta narke, jan ƙarfen ya tsira. An cire su duka biyun an murɗe su da juna da hannu, an lanƙwasa kan baya kamar ƙugiya.

Rewaya ba ya murɗe waya. Da dalma yake liƙe ta, ko da ta fitilar lamba ce, abokan sana'a har tsokanarsa suke cewa yana ɓata lokaci. Kuma wanda bai san amfanin abu ba, ba zai san ana tsallake shi ba. Wannan aikin wanda ya san motar ne, ya san dabarar bakin hanya ta mutanen da.

Bi-Sawu ya sauko ya zauna a kan bencin. Ya gano abin da ya fito nema, amma bai ji wani sauƙi ba.

*

Ya roƙi Kofur ya zo gareji washegari da safe. Aka jera benci a ƙarƙashin rumfar da ta tsira. Ga Mai Gareji a gefe yana kallon ƙasa, ga Mai Fenti, ga ɗan gwangwan da sitatar a buhu, ga matar Rewaya. 'Yar Likita ta zo tare da Baba Direba, don Bi-Sawu ya ce a zo da shi. Sauran 'yan layin suka tsaya a baya.

Bi-Sawu ya ciro tangaran ɗin daga aljihu, ya miƙa wa na farko ya ce a zagaya da shi, kowa ya faɗi abin da yake gani. Mai Gareji ya ce fis ne irin na da. Ɗan gwangwan ya auna shi a tafin hannu ya ce shi dai ba ya sayen irinsa. Wani daga baya ya ce na hon ne. Mai Fenti ya ce a bar shi da fenti. Da abin ya iso ga Baba Direba, hannuwansa suka ƙi barin cinyarsa. 'Yar Likita ce ta karɓa ta miƙa gaba.

Bi-Sawu ya yi musu bayanin aikinsa a taƙaice, ya nuna musu wayoyin nan biyu da ya yanko da murɗinsu. Ya ce idan aka haɗa su haka mota za ta tashi, amma kwayil zai yi ta shan cikakkiyar wuta har ya yi zafi ya fashe, man da ke cikinsa ya fantsama. A wannan motar kuwa akwai galan ɗin fetur a rataye kusa da shi. Ya ce ba wanda ya ƙyasta ashana. Wani ne ya tayar da motar ya bar ta tana aiki, mutum gajere, mai makulli, wanda ya san abin da duk layin nan bai sani ba.

Bai kalli kowa ba da yake faɗa.

"Ni ne," in ji Baba Direba.

Ya zaro tsohon walat, ya fitar da makulli da ya siɗe don tsufa, ya ɗora a kan benci. Muryarsa ƙasa-ƙasa, sai da mutane suka matso. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce suna kan hanya da Likita cikin ruwan sama za su wajen wata mai naƙuda, motar ta mutu, wani tsohon makanike a bakin hanya ya cire wayoyin nan ya murɗe su, ta tashi. Mutumin ya ce musu kada su yi nisa a haka. Ran Asabar shi ya cire wa Likita kayan da aka sa masa, Likita ya riƙe bakin rigar da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki. Da gari ya waye sai ya ce zai je sayo magani, ya taho nan.

"Taɓawa ɗaya ta tashi. Muryarta na nan yadda na san ta."

Ya ce tsoro ya ji ya kashe ta, kada ta ƙi tashi kuma. Makullin ya sha jiki, yana zarewa injin na tafiya, sai ya zare ya sa a walat kamar yadda ya saba, ya kama hanyar gida ya kira 'yar Likita ta zo ta gani. Tafiyar da nisa ga ƙafarsa. Ya kusa rabi ya waiwaya ya ga hayaƙi. Da ya dawo an riga an taru, ya tsaya a bayan mutane, yana nan aka fara dukan yaron.

"Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Ba abin da ya fito."

'Yar Likita ta rufe fuskarta da mayafi. Matar Rewaya ta miƙe ta zo gabansa ta tsaya, mutane suka ja baya kaɗan suna jiran abin da za ta yi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ran Lahadi na ji, Baba, tsoro ne. To Litinin fa? Talata fa?"

Ta jira, sannan ta ɗauki jakarta ta tambayi Kofur ko yanzu za a buɗe wa mijinta.

*

Da la'asar aka saki Rewaya, daga ofishin 'yan sanda aka wuce da shi asibiti. Yatsu biyu sun karye, sun fara kamawa a karkace, sai da aka sake karya su aka ɗaure. Malamin asibitin ya ce babban yatsa da manuni za su yi aiki, sauran sai abin da hali ya yi.

Bi-Sawu ya koma layin ya bi rumfa-rumfa yana tambayar wanda ya yi duka da ƙarfe, don karayar ba ta dukan hannu ba ce. Kowa ya tarbe shi da girmamawa, aka ba shi wurin zama. Wannan ya ce yana wajen ɗibar ruwa, wancan ya ce ya zo an gama, wani ya ce shi ne ma mai rabawa. Mutum sama da talatin suka tsaya a wurin ran Lahadi, bai samu ko ɗaya da ya ga wani abu ba. Kwana biyu ya yi a kai, ya haƙura.

'Yar Likita ta janye ƙarar da ta shigar a kan motar, ta ɗauki nauyin gyaran rumfuna da na asibiti. Kofur ya tambaye ta abin da take so a yi da dattijon. Ta ce me za a yi, mahaifinta ba ya karɓar cokali daga hannun kowa sai nasa. Tare suka koma gida a mota ɗaya.

Rewaya bai sake taka layin ba. Matarsa ce ta zo da amalanke ta kwashe abin da ya tsira na kayan aikinsa. Mai Gareji ya fito zai taya ta ɗorawa, ta ce ya bari.

*

Bayan mako guda 'yar Likita ta zo har gida ta sami Bi-Sawu. Ta ce kullum da safe mahaifinta sai ya nace a tura shi baranda, ya kafe ido a ƙofar gida har rana ta kore shi. Ta gwada faɗa masa ta kasa. Baba Direba ya gwada, ya ƙare da fita waje. Ta ce shi da ya san yadda abin ya faru daki-daki, ko zai taimaka.

Ya so ya ce wannan ba aikinsa ba ne, amma ya bi ta.

Suka same shi a baranda, an lulluɓe masa ƙafafu. Baba Direba na tsaye a bayan keken, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Bi-Sawu ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar Likita, ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne. Sannan ya ba shi labarin tun daga farko, a hankali, kamar yadda ake yi wa mai mota bayanin abin da ya lalace. Ya faɗi sabuwar sitata da wayar da ta rage, da tangaran ɗin da ya mutu, da murɗin da aka yi. Bai ɓoye wanda ya yi ba, bai ɓoye dalili ba. Ya ce motar ta tashi, ranka ya daɗe, ta yi aiki na ɗan lokaci lafiya lau, sannan ta ƙone, babu abin da za a iya gyarawa.

Likita na kallonsa da idon nan ɗaya da ke buɗewa sosai. Fuskarsa ba ta canja ba, ko kuwa ba ta iya canjawa. Suka jira.

Can sai ya ɗaga hannunsa na hagu daga kan bargo. Ya haɗa babban yatsa da manuni, ya miƙa su gaba kaɗan, ya murɗa iska kamar mai murɗa makulli. Ya tsaya, ya karkata kai yana saurare. Ya sake murɗawa.

'Yarsa ta durƙusa ta ce, "Baba, ka ji abin da ya ce?"

Bai dube ta ba. Ya sake murɗawa, ya sake saurarawa. Ta ɗago ta kalli Bi-Sawu tana neman ya faɗa mata ko mahaifinta ya gane. Shi ma bai sani ba. Ya zauna tare da su har rana ta iso barandar, Baba Direba ya juya keken ya tura shi ciki, hannun na nan a ɗage.